Filin Alaska da mai tseren karnuka: amsa ga ɗan kasuwar Kwari

Wani mai sayar da atamfa a Kwari ya turo min tambaya. Ƙaninsa da ke Amurka ne ya haɗa shi da wani Bature a jihar Alaska, mutumin ya daɗe yana tseren keken ƙanƙara da karnuka ke ja, yanzu ya koma sayar da filaye a karkarar can, eka 5 dala 8,000. Wai ya ga bidiyonsa, mutumin daji ne ya san wajen ciki da bai, shin ya zari kuɗin daga shago ya tura?

Alhaji kar ka tura. Koma ka duba saƙonka, gaba ɗaya labarin mutumin ka ba ni, karnukansa da juriyarsa a sanyi, filin kuwa ko lambarsa ba ka ambata ba. Mutumin ne ya burge ka, kuma nan matsalar take. Ni ban ce ɗan damfara ba ne, ƙila ma da gaske ya yi Iditarod, tseren nan na kusan mil 1,000 zuwa garin Nome da ake yi duk watan Maris tun 1973, kuma wallahi ba aikin rago ba ne. To amma me ya haɗa iya kora karnuka da sunan wanda ke kan takardar fili?

Na san wani abokin cinikina da ya sayi fili a bayan Abuja hannun tsohon soja, dattijo mai kamala, kowa na yabonsa, shi ya sa ya ji kunyar cewa a nuna masa takardu. Da ya tashi zuba bulo sai ga wasu da nasu takardun. Har yau suna kotu, shagonsa ɗaya ya tafi a kuɗin lauya. Wannan fa filin da zai iya shiga mota ya je ya taka ke nan.

Naka kuwa Alaska ne, inda yawancin ƙasar tana hannun gwamnatin tarayya da ta jiha da kamfanonin 'yan asalin yankin, kuma filaye masu arha da yawa babu titin da ya kai su, sai ƙaramin jirgi ko babur ɗin ƙanƙara, ba wuta ba famfo, wani wajen ƙasar a daskare take duk shekara, kana gini ta narke ginin ya karkace. Shi mai karnuka hakan ya yi masa daidai. Kai wa za ka sayar wa? In kuma ana raɗa maka cewa fili zai ba ka biza, babu wannan a Amurka.

In har ka nace, ya ba ka cikakken bayanin filin kamar yadda yake a rajista, ƙaninka ya duba a ofishin rajistar filaye na jihar, yana intanet, a ga sunan wa ke kai, da bashi ko haraji a kansa ko babu, da halastacciyar hanyar shiga. Kuɗi kuma ta hannun kamfanin da ke riƙe amanar ciniki har a canja suna, kar ko sisi ya shiga asusun mutumin kai tsaye, ko na ƙaninka.

Dala 8,000 a shagon atamfa sau nawa za ka juya ta kafin shekara ta zagayo? Yi wannan lissafin, ka turo min tare da lambar filin, sai mu ci gaba.