Ledar Kyauta Tana Cinye Ribar Shagona, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Katako, a nan Jos, ina sayar da kayan awo, wato shinkafa, masara, wake da garin rogo, tare da man gyaɗa, manja, sukari da gishiri. Na zauna na yi lissafi, na ga a wata ina kashe kusan naira 42,000 a kan leda kaɗai, manya da ƙanana, kuma duk kyauta nake bayarwa. A rana nakan sallami mutum kamar 120. Ina so in fara karɓar kuɗin leda ko in daina bayarwa gaba ɗaya, amma ina tsoron masu saye su koma wajen maƙwabtana. Wani abokina kuma ya ce in ci bashi in sayo jakunkunan takarda masu ɗauke da sunan shagona.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Da ka zauna ka fitar da wannan adadi, ka riga ka yi abin da yawancin 'yan kasuwarmu ba sa yi, domin da yawa suna rubuta kuɗin haya da na dako da na mota, amma leda sai a zaro kuɗinta daga aljihu ba tare da ta shiga littafi ba.

Bari mu bi lissafinka zuwa ƙarshe. Naira 42,000 a wata ta zama naira 504,000 a shekara. Idan muka ɗauka kana buɗe shago kwana 26 a wata, kowane mai saye yana tafiya da ledar kusan naira 13. Wannan ba ya kama da wani abin damuwa sai an juya shi ta wata fuskar: idan ribarka a mudu ɗaya naira 100 ce, to sai ka auna mudu 420 a kowane wata kafin ka biya kuɗin leda, kuma kai ka fi ni sanin buhu nawa ke nan, da irin sunkuyo da miƙewar da yaranka za su yi kafin su auna shi. Kada kuma ka zauna jiran ranar da leda za ta yi araha. Daga sinadaran man fetur ake yin ta, masana'antun da ke buga ta suna aiki da lantarki da man dizal, kuma tun da aka cire tallafin mai aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a 2023, duk abin da ya rataya a kan waɗannan abubuwa ya yi sama.

Shawarar abokinka ban goyi bayanta ba. Jakar takarda ta fi leda tsada, ba ta ɗaukar nauyin mudu biyar na shinkafa, kuma a garin da ake shafe wata shida ana ruwa kamar Jos, matar da ta fito daga shagonka da gari a cikin takarda ta hau Keke a watan Agusta ba za ta isa gida da abin kirki ba. Bashi ana cin sa ne domin abin da zai juya ya dawo da kansa har da riba. Jakar da za a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar ba ta cikin wannan sahu, ko da an buga mata sunan shago da launi mai kyau.

Haka nan ban ga hikimar ka tashi gobe da safe kai kaɗai ka ce leda naira 20 ba. Tsoronka yana kan hanya. Mai saye zai yafe maka ƙarin naira 50 a kan mudu, domin ya san komai ya tashi, amma ba zai manta da ranar da ka hana shi leda ba, saboda a wajensa wannan rowa ce. Abin da ya fi dacewa shi ne ka raba masu sayenka gida uku, ka bi da kowane rukuni ta hanyar da ta dace da shi.

Na farko, kuma inda kuɗin yake, su ne kwastomominka na kullum: masu sayar da abinci, matan gida masu awon mako ko na wata, da masu ƙananan shaguna a unguwanni irin su Gangare da Unguwar Rogo da ke saro a wajenka. Su ne ke tafiya da manyan ledoji, sau da yawa a ruɓanya biyu don kada ta fashe a hanya. Kana da buhunan shinkafa da na sukari da ka zazzage, waɗanda kake sayarwa a kan kuɗi kaɗan ko suke jibge a bayan shago. Ka kai wa tela su ya wanke, ya yanka, ya ninke bakin, ya sa musu hannu mai ƙarfi wanda ɗinkinsa ya zagaya har ƙasan jakar, domin a wajen hannu irin wannan jaka take fara mutuwa. Mu ɗauka kowace ta tsaya maka a naira 400. Guda 100 sun zama naira 40,000, wato ƙasa da kuɗin ledarka na wata ɗaya, ba tare da ka ci bashin kowa ba. Mai abincin da ke zuwa sau takwas a wata, tana tafiya da ledar naira 40 a kowane zuwa, tana cin maka naira 320, ka ga cikin mako shida jakar ta biya kanta.

Amma fa sai idan an dawo da ita, kuma a nan ne dabarar take. Kada ka raba ta kyauta, domin abin da aka samu a banza a gida ake mantawa da shi. Ka sayar da ita a kan kuɗin da ta tsaya maka, sannan ka mayar wa mai ita da kuɗinta ta hanyar da kasuwarmu ta saba da ita tun kaka da kakanni, wato gyara. Duk wadda ta zo da jakarta ko bokitinta ko kwanonta, idan an gama awo sai yaronka ya ƙara mata tafin hannu ɗaya a gaban idonta, ya ce, "Hajiya, ga na jaka." Ka auna wannan gyara tun farko da ƙaramin gwangwani, ka tabbatar kuɗinta bai wuce rabin ledar da ka tsira da ita ba, in ba haka ba ka cire asara daga wannan aljihu ka sa a wancan. Ka kuma ja wa yaran shago kunne, domin su ne ke ciro leda uku inda ɗaya ta isa, musamman lokacin da layi ya yi tsawo.

A ɓangaren mai ma haka ne. Man gyaɗa da manja a ƙulle cikin leda asara ce ta fuska biyu, domin wani abu yana maƙalewa a jikin ledar, kuma idan ta huje a cikin kaya kai za a dawo wa da ƙorafi. Ka saba wa mutane zuwa da jarka ko kwalba, ka ajiye mazurari mai tsabta. Sai dai akwai iyakar da ba a ƙetarewa, kuma ina so ka riƙe ta da muhimmanci, tun da muna yankin noma inda buhun taki da robar maganin feshi suke ko'ina. Buhun taki, buhun siminti, da duk robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa ba sa kusantar abinci, ko an wanke su sau nawa. Idan mai saye ya zo da irinsu, ka ba shi leda, ka yi masa bayani cikin mutunci.

Rukuni na biyu su ne masu sayen ƙulli, gishirin naira 100 ko sukarin naira 200. Waɗannan ka ƙyale su yadda suke. Talaka ne ke sayen ƙulli, gishiri da sukari kuma suna jan danshi, don haka ƙaramar leda tana da aikinta a nan. Abin da kawai za ka daina shi ne zuba ƙulli ɗaya a cikin wata baƙar leda ta biyu idan mutum bai nema ba. Na uku su ne baƙi masu wucewa. Su ma a ba su leda ɗaya daidai kayansu, a wuce wajen.

Maganar karɓar kuɗin babbar leda kuwa, ka kai ta gaban shugabannin layinku ko ƙungiyar 'yan kasuwarku. Idan masu awo ashirin suka amince rana ɗaya cewa ƙaramar leda kyauta ce, babba kuma da kuɗi, babu maƙwabcin da za a guje maka zuwa wajensa. Ka je musu da alƙaluma a rubuce, domin naira 504,000 za ta fi saurin shiga kunnensu fiye da dogon wa'azi. Ka kuma tuna musu da abin da kowa ke gani da idonsa: kwatamin da ke toshewa da leda da ruwan farko har ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa buhunan ƙasa, da tumakin da ke ramewa sai an yanka mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbi.

Akwai kuma dalilin da ya wuce Katako. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. A nan gida, Jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a watan Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da hani a kan wasu robobin amfani sau ɗaya a watan Yulin 2025, ita kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da hana irin waɗannan robobi a ma'aikatu da hukumominta a 2024. A ganina wannan iska ba za ta tsaya a can ba, kuma ɗan kasuwar da ya riga ya saba wa mutanensa da jaka ba zai ji jiki ba ranar da doka ta iso. Saboda haka ma kada ka tara ledar shekara guda a sito don gudun tashin farashi.

Sharar shagon ma tana da kuɗi a cikinta. Kwalaye, gorunan ruwa da jarkokin da suka fashe, ka ware su wuri guda a bushe, masu jari-bola suna saye a kan sikeli, kuma jiƙaƙƙen kwali ba ya daraja. Tsakin hatsi da dusar da ake sharewa da yamma masu kiwon kaji suna so. Ƙona leda a bakin shago kuwa a daina, domin hayaƙinta yana cutar da ƙirji, warinsa kuma yana kama gari.

Ka buɗe shafi na musamman a littafinka, ka riƙa rubuta kuɗin leda, kuɗin ɗinkin jaka da kuɗin gyara mako-mako, kusa da adadin masu saye. Ka fara da jaka 50 kawai, ga mutanen da ka san fuskokinsu. Bayan wata uku, idan kuɗin leda ya sauka da kashi ɗaya cikin uku kuma masu saye ba su ragu ba, naira 14,000 ke nan a wata kafin a cire gyara, sai ka ƙara ɗinka wasu 50. Idan ka ga jakunkunan ba sa dawowa, ka tambayi matan da kansu dalili kafin ka sake kashe ko kwabo, domin wani lokaci girman jakar ne bai yi musu ba, ko hannun yana yankar tafi. Allah ya ba da sa'a, Alhaji.