Amsa ga ƙanena a Katsina kan taronmu na Lahadi a Yamai

Assalamu alaikum ƙanena. Ina gajiya, ya iyali? Na saurari saƙonka, na kuma ji ƙorafin da ke ciki, cewa duk ranar Lahadi daga la'asar zuwa magariba ba a samuna a waya, in an tambayi yayarka sai ta ce na tafi taro. Ka ce wane irin taro ne wannan da ba ya ƙarewa, ko adashi ne muka sauya wa suna, ko kuwa siyasa na shiga a ƙasar mutane. Babu ko ɗaya a ciki. Taron ƙungiyar taimakon juna ta unguwarmu ne.

Kai a Katsina in aka yi maka haihuwa ko rasuwa, kafin ka gama sanarwa gida ya cika, domin a can aka binne kakanninka. Mu nan ba haka muke ba. A da Yamai ƙaramin gari ne a bakin kogi cikin ƙasar Zabarmawa, sai a 1926 Faransawa suka ɗauko fadar mulki daga Damagaram suka dawo da ita nan. Fatauci da ci-rani da aikin gwamnati suka kawo Hausawa, suka fara da Zongo, daga baya suka bazu Bukoki da Wadata da Lazare da Talaje. Yau babu kasuwar da za ka shiga ba a yi ciniki da kai da Hausa ba, amma yawancinmu danginmu suna nesa. Maraɗi ta haura kilomita 600 daga nan, Damagaram kusan 900. Wanda ciwo ya kayar cikin dare, kafin ɗan'uwansa na jini ya sauka a tasha an riga an yi abin da za a yi.

Ƙungiyarmu ta unguwa ce. Akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da yawa a Yamai, kuma suna aiki, amma mu maƙwabtaka ce ta haɗa mu: Katsinawa da Sakkwatawa, mutanen Ƙonni da Tawa da Dogon Dutsi, Gobirawa, har da Zabarmawan da muke katanga ɗaya da su. A cikinmu akwai masu rumfa a kasuwar Katako, da tela, da mahauci, da direban taksi, da mushen lakwal, wato malamin boko. Muna da takardar hukuma, domin tun dokar ƙungiyoyi ta 1984 sai an kai dokokin ƙungiya da sunayen shugabanninta an sa hannu. Dattawanmu kuwa a Samariya, ƙungiyar matasa ta wancan lokaci, suka koyi aikin gayya zamanin shugaba Seyni Kountché, shi ya sa har yau ba sa son jin an kwatanta mu da fada. Fada ta matasa ce, shayi da hira har dare. Mu ma muna shan shayi, amma ba shi ya tara mu ba.

Ana idar da la'asar yara suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan wanda zagaye ya zo kansa. Malam ya buɗe da addu'a. Sakatare ya karanta abin da aka yanke makon jiya, da Faransanci yake rubutawa a kaye, wato littafin rubutu, da Hausa yake faɗa, in akwai wanda bai gane ba a maimaita masa da Zabarmanci. Sai ma'aji ya ajiye farantin tasa a tsakiya ya fara kiran suna. Duk wanda aka kira zai taso da kansa ya aje dala ɗari, sefa 500 ke nan, ma'aji ya ɗaga ta sama ya ce "ta shiga", sakatare ya ja layi. In an gama, mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su ƙirga a gaban kowa, a faɗi jimla da ƙarfi. Wanda ya makara akwai tarar dala ashirin, ko shugaba ne. Na san za ka ce wannan tsanani ya yi yawa tsakanin manya. Ƙungiyoyin da na ga sun watse a garin nan, yawancinsu kunyar tambayar lissafi ce ta kashe su.

Bayan kuɗi sai shugaba ya yi tambayoyin da saboda su muke zama: wa ke kwance, wa aka yi wa rasuwa, wa ya yi baƙo daga gida, wa ba a gani ba yau.

Ta ƙarshen nan ita ce amsar abin da ya fi damunka, wato me ya sa sai kowane mako. Matasanmu ma sun taɓa kawo shawarar a riƙa turo kuɗin ta waya, a bar zama sai ƙarshen wata. Dattawa suka ƙi, kuma ina bayansu. Magidancin da jarinsa ya karye ba zai buɗe baki ya faɗa ba, kai ma ka san halinmu. Amma za ka ga ya koma zama can gefen tabarma, ya daina sa baki, sai ya fara fashi. A taron wata-wata kafin a lura ya sayar da keken ɗinkinsa. A na mako, fashi biyu ya isa a tura dattawa biyu gidansa bayan isha'i. Abin da suka tarar ba ya dawowa tabarma. Su gaya wa shugaba da ma'aji kawai, a auna masa gero ko shinkafa a kai da dare, a kaye a rubuta "taimako" babu suna. Shigar kuɗi a bainar jama'a muke yin ta, fitarsu zuwa gidan mabuƙaci kuwa a rufe, kuma wanda ya tona irin wannan asiri ya bar mu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne jinya. Ana turo marasa lafiya daga jihohi zuwa Babban Asibitin Ƙasa, ko na Lamorde a hayin kogi, ko asibitin Referans. Mutum zai sauka daga kar, wato bas, da tsohuwarsa a kafaɗa, ba shi da kowa sai lambar waya a guntun takarda. Kowane mako akwai mutum biyu da aka sa su tarbi irin waɗannan. Ɗayansu dole ya zama mai karanta Faransanci, saboda ordinans, wato takardar magani da lokotoro (likita) zai rubuta, a san abin da za a sayo a farmasi da yadda za a sha. Matanmu su kai kunu da safe, fura da rana. Idan damina ta yi nisa zazzaɓin sauro ya kama yara, jini yakan yi wuya, sai mu tara masu ƙarfi a cikinmu a tafi cibiyar ba da jini tare.

Akwai wani mai ga-ruwa da ke kawo mana ruwa a layinmu, ɗan ci-rani, ba ya cikin ƙungiya. Ya kwanta a shagon da suke haya, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Abokan kwanansa sunan ƙauyensa kawai suka sani. Muka sayi likkafani, aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi a ƙofar masallacinmu, aka kai shi maƙabartar Yantala. Da muka dawo aka baje kayansa a gaban shaidu: kura da jarkokinta, riguna biyu, carbi, waya mai fasasshen gilashi, da kuɗi ƙulle a leda cikin matashinsa. Sakatare ya rubuta komai, aka sayar da kurar aka haɗa. Mutum biyu suka shiga mota suka kai wa mahaifinsa hannu da hannu, suka gaya masa wanda ya yi wa ɗansa wanka da inda aka sa shi. Ka taɓa tambayata me ya sa ba ma kawo gawa gida. Gaggauta jana'iza shi ne sunna, hanya tana da tsawo, zafin garin nan kuma ka ji labarinsa. Abin da iyaye suke so su ji shi ne an sallaci ɗansu cikin mutane, wannan kuwa muna iya tsaya musu a kai.

Sauran ayyukan na lokaci ne. Kafin ruwan farko mu fito da shebur mu yashe magudanan unguwa. A ambaliyar 2020, da kogi ya ɓalle ya shiga Lamorde da sauran unguwannin hayi, mutane suka koma kwana a azuzuwan lakwal, mun kai tabarmi da gidan sauro da abinci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, fatake da masu jinya da yawa sun maƙale a nan, akwatin kuɗinmu har ƙasa ya kai kafin a buɗe hanya a 2024.

Biki da suna ba sa taɓa akwati. An yi ta rigima a kan wannan, domin akwai masu shigowa ana saura wata biyu auren 'yarsu. Yanzu doka ta tsaya a kan ciwo, mutuwa, gobara da ambaliya. Gudummawar biki kowa daga aljihunsa. A wannan fanni mata sun fi mu tsari nesa ba kusa ba. Suna da nasu zaman da ake kira foyandi, da adashinsu da ankonsu, kuma sau da yawa kafin labarin mara lafiya ya iso tabarmarmu sun riga sun kai kwano.

In murya ta fara tashi a taro, abin da ke kashe wutar shi ne wasan taubasai. Bagobiri ya juya ya ce wa Bazabarme bawansa ne ya yi shiru, Ba'are ya tsokani Bafillace, a yi dariya a koma magana. A Nijar ba a ɗauki wannan wasa da wasa ba, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2014.

Abin da ke gabanmu yanzu 'ya'yanmu ne da aka haifa a nan. Zabarmanci ya fi zama a bakinsu, fada ta fi ja musu rai, kuma ba su san zafin sauka a tasha babu mai tarba ba. Mun fara ba su riƙon kaye da rakiyar asibiti, tunda sun fi mu karatu, wasu sun karɓa wasu suna noƙewa. Lahadin nan za a yanke ko a rage musu kuɗin mako zuwa rabi, ni dai zan goyi bayan a rage. Ka gaishe da mutanen gida baki ɗaya.