Ƙungiyarmu ta magina ta dakatar da ni saboda na yi ƙasa da farashin da aka yanka

Tambaya

Salam Barista, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kwangilar gina gidaje ne, ina da ƙaramin kamfani, kuma shekarata shida a ƙungiyar magina ta yankinmu, ban taɓa fashin kuɗin wata ba. A taron da muka yi wata huɗu da suka wuce shugabanni suka kawo takarda wai daga yanzu ga mafi ƙarancin abin da mamba zai caji mai gida, tun daga fandisho har linta har rufi, duk wanda ya yi ƙasa da haka za a ci shi tara. Ina wurin, na sa hannu a takardar halarta, ban ce komai ba. Daga baya wani ya kawo min aikin gida mai ɗaki uku, na yi lissafina na ga ko na rage kashi goma daga farashin ƙungiya zan fita da riba tunda ina da injin kwaɓa siminti nawa, sai na karɓi aikin. Kwatsam sai na ga sanarwa a guruf ɗinmu na WhatsApp cewa an dakatar da ni wata shida kuma an ci ni tara, babu wanda ya kira ni, har sakatare ya rubuta cewa ni maci amana ne kuma ina amfani da kayan aiki marasa kyau, wanda wallahi ƙarya ne. Yanzu an ce wa mambobi kada su ba ni aron ma'aikata, an kuma ce wa wani dillalin rodi in ya ci gaba da sayar min za su daina saye a wurinsa. In biya tarar in ba da haƙuri ne, ko ina da wani haƙƙi?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka biya tarar nan tukuna, kada kuma ka rubuta takardar ban haƙuri, ka bari ka gama karanta wannan.

Kai abin da ke ci maka rai shi ne dakatarwar, amma ni da na karanta wasiƙarka abin da ya fi tsaya min a rai shi ne takardar farashin nan da kuma zamanka a taron da aka amince da ita. Zan fara da dakatarwar tunda ita ce ta fi sauƙi.

Ranar da ka cike fom ka biya kuɗin shiga, yarjejeniya ce kuka ƙulla tsakaninka da ƙungiya, kuma kundin tsarin mulkinta shi ne rubutun wannan yarjejeniyar. Shugabanni ba su da ikon hukunta ka sai wanda kundin ya ba su, kuma ta hanyar da kundin ya tsara. Don haka ka ɗauko naka kwafin, in ya ɓace ka nema a rubuce wurin sakatare, ka duba wa ke da ikon dakatar da mamba, shugaba ne shi kaɗai ko kwamitin ladabtarwa ko sai babban taro, kwana nawa ake ba mutum kafin a zauna a kansa, mutum nawa ne dole su halarta kafin zama ya yiwu, kuma shin an ambaci tara a ciki ko kuwa an ƙirƙire ta ne a ranar. Ko da kundin bai ce komai ba, kotuna a ƙasashe da yawa sun daɗe a kan cewa ba a hukunta mutum a abin da ya shafi abincinsa sai an gaya masa laifinsa an ba shi dama ya kare kansa, kuma wanda ke da ruwa da tsaki a rigimar ba zai zauna a kujerar alƙali ba. Wannan na ƙarshen ka bincika shi da kyau, domin in ya kasance cikin waɗanda suka yanke maka hukunci akwai wanda shi ma ya nemi wannan aikin ya rasa, to hukuncin ya samu babbar tsaga.

Akwai wata tsohuwar shari'a a Ingila a 1952 da ta yi kama da taka sosai, tsakanin wani mai suna Lee da ƙungiyar masu kayan wasannin baje koli. Kwamitinsu ya ci shi tara da sunan ya yi gasar da ba ta dace ba, ya ƙi biya, aka cire shi daga ƙungiya. Kotun ɗaukaka ƙara, da Mai shari'a Denning a cikin alƙalan, ta ce kwamitin ƙungiyar sana'a ba shi ne mai maganar ƙarshe a kan ma'anar dokokinsa ba, kotu na iya dubawa, kuma ta rushe hukuncin kwamitin. Har yau lauyoyi na kafa hujja da ita a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila.

To yanzu ga babbar maganar. Ku mambobin ƙungiyar nan abokan sana'a ne amma a idon doka abokan gasa ne, kowannenku yana neman mai gida ɗaya ne. Idan abokan gasa suka zauna suka ce kada kowa ya sayar ƙasa da kaza, wannan haɗin baki ne a kan farashi, kuma kusan duk ƙasar da ke da dokar gasa a kasuwa ta haramta shi, ko an kira shi tsarin ƙungiya ko kare mutuncin sana'a. A Amurka dokar Sherman ta 1890 ce, kuma a yau kamfani na iya shan tarar dala miliyan 100, mutum kuma ɗaurin da ya kai shekara 10. A Birtaniya akwai dokar gasa ta 1998, a Tarayyar Turai sashe na 101 na yarjejeniyarsu ya ambaci shawarar ƙungiyoyin kamfanoni ƙarara, a Najeriya kuma dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana haɗin baki a farashi da kuma a neman kwangila. Sunaye da yawan tara ne suka bambanta.

Na san hujjar da shugabanninku za su kawo, kuma gaskiya ba na raina ta. Za su ce wanda ya karya farashi shi ne gobe zai rage rodi a bim, ya ƙara yashi a kwaɓi, gini ya tsage ko ya rufta a kan mutane, sunan kowa ya ɓaci. Damuwar gaskiya ce, duk wanda ya taɓa ganin dakin, wato rufin kankare, da aka zuba da ƙarancin siminti ya san ba wasa ba ne. Amma an riga an gwada wannan hujjar a kotu. Ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka ta hana mambobinta yin gasar farashi da cewa arha na jawo aiki mai haɗari, Kotun Ƙolin ƙasar a 1978 ta ce a'a, wannan ba uzuri ba ne a ƙarƙashin dokar. Ƙungiya na da damar sa ƙa'idar inganci, ta ce ga kaurin rodi, ga yawan kwanakin da za a bar kankare ya sha ruwa kafin a cire katako, ta je ta duba, ta hukunta wanda ya yi algus bayan ta saurare shi. Wannan duk halal ne a doka. Abin da ba ta da dama shi ne ta shiga aljihun mai gida ta ce ga abin da dole ya biya. Kai da ke da injinka, kuɗin da ka rage ribar ƙoƙarinka ce ka raba da mai gida, dokar gasa kuwa irin wannan take so ta gani.

Kuma hukumomi sun sa wa harkar gini ido musamman. A 2009 hukumar kasuwanci ta Birtaniya ta ci kamfanonin gini 103 tarar sama da fam miliyan 129, yawancinsu saboda dabarar nan ta wani ya shigar da farashi mai tsada da gangan don abokinsa ya ci kwangila, duk da daga baya kotu ta rage wa da yawa daga cikinsu. A 2013 a Afirka ta Kudu kamfanoni 15 suka amince da biyan rand biliyan 1.46, ciki har da haɗin bakin da aka yi a ginin filayen gasar cin kofin duniya ta 2010. A shari'ar Birtaniya ɗin akwai ƙananan kamfanoni da yawa, don haka kada wani ya ce maka manya kawai ake bi.

Wannan yana taimakonka ta wani ɓangaren, domin yarjejeniyar da ta saɓa wa dokar gasa kotu ba ta tilasta wa kowa bin ta, ke nan tarar da aka ɗora a kanta ba ta da ƙafar tsayawa. Haka maganar dillalin rodi, mutane su haɗu su ce wa mai kaya in ka sayar wa wane mun daina saye, wannan ƙauracewar haɗin baki ce, laifi ne na daban mai zaman kansa, kuma sau da yawa ya fi sauƙin tabbatarwa tunda akwai mutum na waje da aka yi wa barazanar.

Amma ta ɗaya ɓangaren akwai inda kai ma abin zai iya shafa, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka halarci taron, sunanka na takarda, ka yi shiru. A shari'ar haɗin bakin kamfanonin siminti, kotun Tarayyar Turai ta tabbatar a 2004 cewa wanda ya zauna a taron da aka ƙulla irin wannan bai fito fili ya nesanta kansa ba, ana ɗaukarsa yana ciki, ko da daga baya bai bi abin da aka yanke ba. Ba kowace ƙasa ce ke da tsauri haka ba, kuma ƙin bin farashin da ka yi a aikace hujja ce mai kyau a gare ka, amma ka tambayi kanka, a wata huɗun nan akwai wani aikin da ka ba da lissafi da takardar ƙungiya a hannunka? In akwai, lauyanka ya sani tun ranar farko. Kuma yanzu ka ga dalilin da na ce kada ka biya kada ka ba da haƙuri, takardar da za ka rubuta ka ce na yi kuskure ba zan ƙara karya farashi ba, da hannunka ka rubuta shaidar cewa ka shiga haɗin bakin.

Abin da nake ba ka shawara shi ne wasiƙa ɗaya, lauya ya duba ta kafin ta fita, a kai wa sakatare ya sa hannu a kwafinka da kwanan wata. A ciki ka ce ba a sanar da kai tuhuma ba kuma ba a saurare ka ba, kana ɗaukaka ƙara bisa sashe kaza na kundi, kana neman minit (wato rubutaccen bayanin abin da aka tattauna) na taron da na zaman da aka hukunta ka da sunayen waɗanda suka zauna, sannan ka faɗa a fili cewa ba ka amince da takardar farashin ba, ba za ka bi ta ba, kuma kai ke yanke farashinka. Ka yi sauri domin kundin ƙungiyoyi da yawa na ba da 'yan kwanaki ne kawai na ɗaukaka ƙara, kuma alƙali kan tambaya ko ka bi hanyar cikin gida kafin ka zo gabansa. Ka duba kuma ko akwai sashen da ya ce sai an je sulhu ko gaban mai sasanci.

Kafin wasiƙar ta fita ka ɗauki sikirinshot na komai a guruf, sanarwar, rubutun sakatare, hoton takardar farashi, saƙonnin murya, ka tura su wani wuri daban, saboda minti ɗaya ya isa a cire ka ko a goge. Kai kuma kada ka goge ko ɗaya, har wanda kake ganin bai yi maka kyau ba, goge shaida na iya zama matsalar da ta fi ta farko. Ka daina mayar da martani a guruf ɗin gaba ɗaya. Ka ci gaba da biyan kuɗin wata kana karɓar rasit don kada a samu sabon dalilin korarka, amma ka cire tambarin ƙungiya daga allon wurin aiki da takardunka har a warware.

In suka yi biris, kana da hanya biyu kuma za ka iya haɗa su. Kotu na iya ayyana dakatarwar a matsayin marar inganci, ta hana su aiwatar da ita, ta ba ka diyya in ka nuna asarar da ka yi da lissafi, misali tsadar rodin da ka saya a wani wuri ko kwanakin da aiki ya tsaya. Hukumar gasa kuma na karɓar ƙorafi, kuma hukumomi da yawa na da tsarin sassauci ga wanda ya fara kai kansa ya tona haɗin baki, wanda ya riga shi ke samun kaso mafi girma, wani lokacin a yafe masa gaba ɗaya. Wannan matakin mai nauyi ne, zai taɓa mutanen da kuka yi shekara shida tare, kada ka ɗauke shi cikin fushi kuma kada ka je kai kaɗai ba lauya.

Maganar kayan aiki marasa kyau kuwa ɓata suna ce in ƙarya ce, an rubuta ta, mutane da yawa sun karanta, kuma ta shafi sana'arka kai tsaye. Ka tara rasit ɗin siminti da rodi na wannan aikin, ka ɗauki hoton rodin a ɗaure kafin a zuba kankare, in da hali injiniya mai zaman kansa ya duba ya rubuta rahoto. Ka nemi a janye maganar a guruf ɗin da aka yi ta.

Aikin mai gida ka ci gaba da shi, ƙungiya ba ta cikin yarjejeniyarku, kuma in ka tsaya kai za a kama da saɓa alkawari. Abu ɗaya za ka tabbatar, cewa lasisinka ko rajistarka ta gini daga hukumar gwamnati take ba ta rataya a kan zama mamba ba, haka inshorar aiki ko garantin da ka yi wa mai gida alkawari in ta hannun ƙungiya kake samunsu, to ka nemi madadinsu a wannan makon ka sanar da shi a rubuce.

Ni dai da za a bi tawa, a fara da zama da dattawan ƙungiyar bayan wasiƙar ta isa, domin ina kyautata zaton yawancinsu ba su san takardar nan na iya jawo wa kowannensu tara ba, har wanda bai buɗe baki a taron ba. Ka je da lauyanka, ku nemi a janye takardar farashin a rubuce, a soke dakatarwar da tarar, a kira dillalin rodi a gaya masa an janye maganar, kuma a rubuta duk wannan a minit ka karɓi kwafi kafin ku tashi.