Amsa ga mai tambaya kan ƙa'idojin gidan yarin gunduma a Texas

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa an tsare ƙanenki a gidan yarin wata gunduma a jihar Texas, yana jiran shari'a, yana da ciwon sukari kuma ba a ba shi maganinsa a kan lokaci, kina son sanin ko akwai rubutattun ƙa'idoji da suka ɗaure masu gidan, da kuma ko mutum irinki yana da ikon ganinsu. Allah ya fitar da shi lafiya. Na daɗe ina cikin masu ziyartar Musulmi da ke tsare a wannan jihar, don haka zan faɗa miki abin da na sani.

Ƙa'idojin suna nan, kuma a buɗe suke ga kowa, amma ba na gwamnatin tarayya ba ne. A Amurka gidan yarin gunduma galibi yana hannun sherif ne, wato babban jami'in tsaro da mutanen gunduma suke zaɓa, kuma kowace jiha tana da nata tsarin sa ido, har akwai jihohin da ba su da wata hukuma mai tilasta ƙa'ida. Texas tana da ita tun 1975. Sunanta Texas Commission on Jail Standards, gwamna ne yake naɗa mambobinta tara, kuma ita take duba gidajen yarin gundumomin jihar. Ƙa'idojinta suna cikin kundin dokokin gudanarwa na jihar, babi na 37, kashi na 9, ana karanta su kyauta a intanet. Sai dai ki fara tabbatar da inda yake, domin ikon hukumar bai kai ga manyan kurkukun jiha ba, haka ma ɗakunan tsarewa da 'yan sandan birni suke gudanarwa da kansu.

Abin da ke ciki a fili yake. Dole a samu gandiroba ɗaya a kan kowane mutum 48 a kowane bene, a leƙa kowane ɗan tsare ido da ido aƙalla sau ɗaya cikin minti 60, wanda ake tsoron zai cutar da kansa kuwa duk minti 30. Abinci sau uku ne cikin awa 24, motsa jiki kuma awa ɗaya, kwana uku a mako. Abin da ya fi shafar ƙanenki ya zo ne bayan mutuwar wata mata mai suna Sandra Bland a gidan yarin gundumar Waller a watan Yulin 2015. Dokar da aka yi da sunanta a 2017 ta wajabta cewa ma'aikacin lafiya ya duba, ba tare da ɓata lokaci ba, duk maganin da likita ya rubuta wa mutum yake sha a lokacin da aka kama shi. Wannan ce hujjarki ta farko.

Yanzu ga abin da na daɗe ina gaya wa iyalai: karanta ƙa'idar ba ya sa a ba shi magani, rubutacciyar shaida ce take yin aiki. Kowane gidan yari yana da tsarin koke na cikin gida, kuma ana ba ɗan tsare littafin dokokin gidan ko a nuna masa shi a na'urar da ke ɗakinsu. Ki ce masa ya rubuta buƙatar ganin likita, idan ba a amsa ba ya rubuta koke, ya sa kwanan wata da sunan maganin da lokacin da aka tsallake, ya riƙe lambar koken. Na taɓa bin maganar wani dattijo mai hawan jini a wata gunduma, wanda ya yi ta faɗa wa duk gandiroban da ya wuce da baki, shi a ganinsa ya kai ƙara. Da lauyansa ya nemi fayil, babu ko layi ɗaya da ke nuna ya taɓa neman likita. Sai da ya cika ƙaramar takardar nan, 'yarsa kuma ta kai kwalaben maganinsa da sunan kantin da yake saya, sannan aka kira shi ɗakin jinya. Akwai wani dalilin kuma: dokar tarayya ta 1996 ta hana ɗan tsare kai ƙarar yanayin tsarewa kotun tarayya sai ya bi matakan koke na cikin gida har ƙarshe, kuma mutane da yawa sun rasa shari'arsu a kan wannan kaɗai.

Ke kuma daga waje kina iya aika koke kai tsaye ga hukumar, ba sai kina da lauya ba. Ki taƙaita, ki ambaci sunansa da lambarsa ta gidan yari da ranakun da abin ya faru. A shafinta kuma tana wallafa sunayen gidajen da aka samu sun saɓa ƙa'ida tare da rahoton sufeto. Gidan yarin gundumar Harris da ke Houston, wanda ya fi kowanne girma a jihar, ya shiga wannan jerin a 2022 kuma ya sha komawa. Idan kina son wata takarda da ba a wallafa ba, kamar tsohon rahoton bincike ko tsarin kula da lafiya da gidan ya miƙa wa hukumar, sai ki rubuta wa ofishin sherif ko hukumar a ƙarƙashin dokar samun bayanai ta jihar Texas. Kada ki ambaci dokar tarayya da ake kira FOIA, domin ba ta aiki a kan gunduma. Idan suna son hana ki, a ƙa'ida dole su nemi hukuncin babban lauyan jiha cikin ranakun aiki 10. Bayanan lafiyarsa kuwa ba za su ba ki ba sai ya sa hannu a takardar izini.

Ba zan ɓoye miki ba, hukumar ba ta da ƙarfin da iyalai suke zato. Sufetocinta kaɗan ne a jiha mai gundumomi 254, gida yana iya zama watanni a jerin masu laifi yana ci gaba da karɓar mutane, kuma ba ta sauya hukuncin likitan gidan kan irin maganin da ya zaɓa. Abin da take iya tambaya shi ne ko an duba shi, kuma ko an ba shi abin da aka rubuta. Saboda haka ki haɗa da lauyansa, domin shi ne zai iya ɗaga maganar a gaban alƙali lokacin neman rage kuɗin beli. Idan ƙanenki ɗan Najeriya ne ko Ghana, wajibi ne a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa cewa an tsare shi. Kuma ki tuna ana naɗar duk kiran wayar da yake yi miki, don haka ku tsaya kan maganar lafiyarsa, batun tuhumar ku bar wa lauya.