Kuɗin sa wa Baba na'urar bugun zuciya

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya nawa ake sa na'urar daidaita bugun zuciya, da yadda za a haɗa kuɗin.

Na'urar ce ke cin kuɗi, ba yankan ba. Daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, shi ya sa lissafin bara ba ya aiki bana. Mai waya ɗaya (wayar da ke haɗa na'urar da zuciya) ta fi mai waya biyu sauƙin kuɗi, amma likitan zuciya ne zai zaɓa. Aikin kansa ƙarami ne, allurar kashe zafi ake yi a ƙasan ƙashin wuya, galibi ba a sa mutum barci.

Ku je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, a rubuta muku lissafi dalla-dalla: na'ura, wayoyi, gwaje-gwaje, gado, magani. Da takardar a hannu dangi da masu zakka sun fi saurin sa hannu a aljihu. Ku leƙa sashen walwalar marasa lafiya ma. In Baba yana da inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jihar Kaduna (KADCHMA), ku tambayi abin da za su ɗauka tun kafin a sa rana.

Batirin yakan kai shekara 7 zuwa 10, wani ya wuce, sannan a canza na'urar.