Harsashin ƙaramin gini a ƙasar da ruwa ke kwanciya kuma sanyi ke daskarar da ita

Wani manomi mai kiwon kaji a yankin da ƙasa ke daskarewa lokacin hunturu ya aiko da tambaya. Ya ce ya gina ƙaramin sito a kan ginshiƙan kankare huɗu, zurfinsu rabin mita, a wani gefen gonarsa da ruwa ke kwanciya. Shekara biyu kacal ƙofar ta daina rufuwa, kusurwa ɗaya ta ɗaga sama. Yana so ya san abin da ya faru, da yadda zai gina akurkin da yake shirin yi a nan kusa.

Malam, ba nauyin ginin ne ya jawo maka wannan ba, ƙanƙara ce ta ture shi daga ƙasa. Mutane da yawa suna zaton ruwan da ke cikin ƙasa ne kawai ya kumbura, tunda ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. Wannan kumburin kaɗan ne. Babban abin shi ne, inda sanyi ya tsaya a cikin ƙasa sai ƙanƙara ta fara kwanciya faifai-faifai, tana tsotso ruwa daga ƙasan da bai daskare ba tana ƙara kauri, har ta ɗaga duk abin da ke samanta. Masanin duwatsu Stephen Taber na Amurka ya nuna haka a gwaje-gwajensa wajajen 1930. Sai abu uku sun haɗu kafin hakan ya faru: sanyi mai daskararwa, ruwa a kusa, da ƙasa mai laushi kamar gari wadda ke jan ruwa. Gonarka ta haɗa duka ukun. Ka raba ginin da ɗaya daga cikinsu, ka huta.

Ginshiƙanka sun yi gajarta. A jihar Minnesota ta Amurka doka ta ce harsashi ya kai inci 42 a kudu, inci 60 a arewa, wato daga mita ɗaya da ɗan abu zuwa mita ɗaya da rabi. Ka tambayi hukumar gine-gine ta yankinka iyakar zurfin da sanyi ke kaiwa a wurinku. Sai dai zurfi kaɗai ba ya isa. Ƙasar da ta daskare tana manne wa jikin ginshiƙi ta ja shi sama, musamman idan an zuba kankaren kai tsaye cikin rami mai faɗi a sama da tsukakken gindi. A zuba shi cikin bututu mai santsi, a faɗaɗa gindinsa, a sa rodi ya ɗaure gindi da jiki.

Amma ni a ƙasa mai ruwa ba na son haƙa rami, don kafin ka gama ya cika, bangonsa ya rufta. Abin da na fi so shi ne turakun ƙarfe masu murɗa, waɗanda ake murzawa cikin ƙasa kamar sukuru har faifan da ke bakinsu ya wuce inda sanyi ke kaiwa ya kama ƙasa mai ƙarfi. Ba sabuwar dabara ba ce. Injiniya Alexander Mitchell ɗan Ireland ya yi mata rajista a 1833, aka riƙa kafa hasumiyoyin fitilar teku da ita a cikin taɓo. Ka nemi turaku masu rufin tutiya saboda tsatsa, kuma ka bar tazara tsakanin ƙasa da daɓen katako don iska ta riƙa wucewa, kajin ma za su fi lafiya.

Idan akurkin ƙarami ne kuma ba bututun ruwa a jikinsa, akwai hanya mai sauƙi. Ka kwashe ƙasar sama, ka shimfiɗa yadin nan da ke hana tsakuwa nutsewa cikin laka, ka zuba fasasshen dutse mai tsabta ka daddaɓe har ya fi kewayensa tudu, sannan ka ɗora ginin kan manyan katakai guda biyu ko uku. Zai ɗan tashi ya sauka da yanayi, amma gaba ɗayansa. Abin da ke karya gini shi ne wani gefe ya tashi wani ya tsaya.

Wata mai noman kayan lambu kuma ta tambaya ko za ta iya zuba daɓen siminti ba tare da haƙa mai zurfi ba. Za ki iya, Malama. Ƙasashen Norway da Suwidin da Finland sun daɗe suna yin haka da allunan kumfa masu hana sanyi ratsawa, irin da ake kira XPS, wanda ba ya shan ruwa sosai. Ki lura da abu ɗaya: ɗakin da ba a ɗumama shi yana buƙatar allon a ƙarƙashin daɓen baki ɗaya, ya kuma zarce ta kowane gefe, da tsakuwa a ƙasansa. Kafin komai ki fara janye ruwan da bututu mai huji-huji zuwa wurin da ya fi gangare, ki kuma kai ruwan indararo nesa da gindin ginin.