Amsa ga ƙanwata kan yi wa Baba addu'a

Salama gare ku 'yan'uwa. Ƙanwata, na saurari saƙonki, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Kin ce kin yi wa Baba addu'a kin ce Allah ya ji ƙansa, sai wani ya ce miki zunubi kika yi, wai Kirista ba ya yi wa matacce addu'a. To, wannan kalma ta zunubi ta yi nauyi, ni dai ba zan ɗora miki ita ba.

Maganar nan, ikilisiyoyi ne ma suka rabu a kanta. 'Yan Katolika da 'yan Otodoks suna yi. Katolika ma har rana suka ware, 2 ga Nuwamba kowace shekara. Hujjarsu tana cikin littafin 2 Makabi sura 12, inda Yahuza Makabi, shugaban mayaƙan Yahudawa, ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu a yaƙi. Kuma abin ya daɗe, kin ji ko. Monika, mahaifiyar Augustin, babban malamin ikilisiya na zamanin dā, da za ta rasu a shekara ta 387, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, amma su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji.

Mu kuma na ɓangaren Furotesta, littafin Makabi ba ya cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki da muke riƙe da su. Muna tsayawa kan Ibraniyawa 9:27, mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a. Ga kuma ɓarawon nan a kan gicciye, Yesu ya ce masa yau ɗin nan zai kasance tare da shi a Firdausi. Yau fa, ba sai dangi sun taru sun roƙa masa ba. Shi ya sa ni idan na durƙusa, godiya nake yi domin ran wanda ya tafi, in bar shi a hannun Allah, sannan in roƙa wa waɗanda ya bari.

Amma abin da na ji a muryarki ba gardamar koyarwa ba ce, tsoro ne. Kina jin kamar in kika yi sakaci, Baba zai rasa wani abu. A'a ƙanwata. Ceton Baba bai rataya a wuyanki ba, Almasihu ne ya ɗauki wannan kaya. Buɗe 1 Tasalonikawa 4 daga aya ta 13. Bulus bai ce kada mu yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada mu yi irin na marasa bege. Dalilinsa ɗaya ne: tun da Yesu ya mutu ya tashi, Allah zai kawo waɗanda suka yi barci cikinsa tare da shi. Shi kansa Yesu ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san yanzun nan zai kira shi ya fito. Saboda haka ki yi kukanki, kada kowa ya ce miki rashin bangaskiya ne.

Shi kuma ɗan'uwan da ya tsawata miki, wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi, amma ba a yi wa mai zaman makoki irin wannan gyara. Ki samu fastonku ku zauna, ya faɗa miki matsayin ikilisiyarku. Ki gaishe min da Mama, zan kira ta da yamma in Allah ya yarda.